Shekarar da Motarmu Ta Zauna Takaba

Ku da kuka zo mini da maganar za ku haɗa hannu ku sayi babbar mota, ku samu wuri ku zauna. Na ji tsarinku. A sayi mota, a ɗauki direba, ku kuna ɗaki kuna hadda ita tana can tana nema muku. Haka kowa yake gani daga bakin titi. Ni ban taɓa zama a aji ba, sunana ma da babban yatsa nake dangwala shi, amma na riƙe babbar mota a cikin Alƙahira, kuma ba a taɓa ƙwace mini ita ba. Mai rubutawa ya rubuta yadda na faɗa, kada a gyara mini magana.

Mu mutanen Gadarif ne. Kakanninmu daga ƙasar Haɗeja suka taso da niyyar Makka, hanya ta ajiye su a Sudan. Maigidana, Alhaji Idirisu, a can ya koyi tuƙi, daga baya ya kawo mu Masar, muka zauna a Hayyus Sabi tun ɗalibai ba su cika unguwar haka ba. Motarmu mai jela ce. Ga uwar mota da bodinta, ga kuma wani bodin da take ja a baya. Misirawa maktura suke ce masa, mu jela muke cewa. Kowanne da lambarsa, kowanne da takardarsa.

A kan lodin albasa na fara koyon aikin. Na kai wa Alhaji abinci inda ake lodi, sai na tarar yana ta faɗa da masu dako don sun jera buhuna sun matse su kamar bulo. Ya sa aka sauke. Ya nuna mini yadda ake barin hanya a tsakiya don iska ta ratsa, da yadda ake ɗaure tamfol sama-sama a bar gefe a buɗe. Albasa tana numfashi. Ka toshe ta daga Sa'id, can kudancin Masar, zuwa Alƙahira, ka iso da ruwa mai wari, mai kaya kuma ba zai tambayi wane ɗan dako ne ya jera ba, mai mota zai tambaya. Tun daga ranar ban sake ajiye kwano in juya ba. Sai in tsaya. Na koyi bugun taya da guduma, mai iska tana amsawa da ƙara, mai ciwo tana amsawa kamar an bugi katifa. Na koyi ƙullin igiyar da ake ja ya ƙara matsewa, a warware shi da hannu ɗaya. Na koyi kallon hayaƙi, fari da baƙi da mai shuɗi-shuɗi, kowanne da abin da yake faɗa.

Akwai kuma lodin littattafai, kuma kayanku ne, don haka ku ji. Idan ɗalibai sun gama karatu za su koma gida, sukan tara kwalaye a kai musu tashar jirgin ruwa. Kwali ɗan ƙarami, kana gani ka ce yaro zai ɗauka, ashe dutse ne. Ɗalibi zai ce, “Hajiya, ai bodin ko rabi bai yi ba, a ƙara.” Bodin bai cika ba, amma ƙafafun mota sun cika. Wani lodi da muka biye wa irin wannan roƙon, a ma'aunin hanya aka tsayar da mu, muka wuni muna sauke tafsiri a bakin titi. Mota ba da ido ake cika ta ba.

Duk wannan na iya. Abu ɗaya ne ban taɓa zuwa ba, shi ne ofishin motoci, wanda a nan ake ce wa murur. Kowace shekara babbar mota tana da harajinta, kuma sai an biya shi, an duba lafiyarta, sannan a sabunta mata lasisi, wato ruksa. Alhaji da kansa yake wannan. Zai sa jallabiyarsa mai kyau, ya fita da safe, ya dawo da yamma yana ƙorafin ƙafa. Ni dai na san akwai ranar da ba a dafa masa abincin rana.

Shekara ta 2013 ita ce muguwar shekarar. Man gas ya yi wuya, manyan motoci suna yin layi a gidan mai har a kasa ganin ƙarshensu. Cikin wannan Alhaji ya kwanta a asibiti, kuma bai tashi ba. Ɗana Bashir yana Gadarif, bai samu zuwa ba. 'Yata Halima ta zo daga Kano inda take aure, ta yi kwanakin zaman makoki ta koma. Ni kuma na shiga takaba.

Malam Haruna shi ne babbanmu a unguwa, mutumin Gusau, ya daɗe yana karatu a nan har furfura ta same shi. Shi ke ɗaura aure, shi ke raba gado. Ya zo da dattawa, suka lulluɓe motar da tamfol tun daga kai har jela a filin bayan gidajenmu, ya karɓi makulli ya tafi da shi. Dukiyar mamaci ba a taɓa ta sai magada sun hallara ko sun wakilta. Haka muka gada, kuma da dalili. Malam ya taɓa ganin 'yan'uwan ciki ɗaya sun daina gaisawa saboda wani jak na ɗaga mota da ya ɓata tsakanin rasuwa da rabo.

Direbanmu Usta Sha'aban ne, Bamisire ɗan Sa'id, mai gashin baki da gajeren haƙuri. Ya yi shekaru da Alhaji. Bayan an watse ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ni ina ciki, muka yi magana ƙofa na tsakaninmu.

“Ya Hajja, Allah ya ji ƙan Hajji. Ina makulli?”

“Yana hannun Malam.”

“Malam ne zai ja ta?”

“Dukiyar mamaci ce, Usta. Ba a taɓawa sai an raba.”

“To khalas, shi ke nan, kada a taɓa. A bar ni kawai in kwance lambobin in kai wa murur. In lamba tana hannunsu, haraji ya tsaya. In tana jikin mota, ko a rijiya motar take, yana tafiya.”

“Kwance lamba ai taɓawa ce.”

“Notuna ne fa, ya Hajja! Notuna!”

Na aika wa Malam. Ya aiko cewa magada ba sa nan, ko noti kada a cire. Na maimaita wa Usta ta bayan ƙofa. Na ji ya buga tafin hannunsa a cinya.

“Ke ce Allah ya ce ki zauna a ɗaki. Motar fa, wa ya ce mata?”

Ya sauka yana magana shi kaɗai. Ya koma jan ƙaramar motar haya a nan yankinmu na Madinat Nasr, aikin da ya fi ƙi a duniya, don ya ce direban babbar mota da ya koma kiran fasinja kamar limamin da ya koma talla ne.

Da na fita takaba gari ba lafiya. Hanyoyin unguwarmu a toshe, daga baya aka sa dokar hana fita. Sai da ƙura ta lafa muka je muka ɗaga tamfol. Kyanwa ta haihu a kujerar direba. Baturan sun mutu. Ɓeraye sun ci wayoyin fitilun baya. Tayoyin gefen rana sun tsattsage kamar diddigen manomi. Usta ya zagaya ta, sannan ya tofa yawu gefe.

Ranar kuma Mu'allim Fathi ya aiko. Shi ne dillalin albasar da muke wa dako tun zamanin Alhaji, kuma aikinsa ne ƙashin bayan gidanmu. Ya ce ya yi haƙuri don mutuwa, amma da sanyi ya shigo albasar Sa'id ta fari za ta fara fitowa. In motar tana kan hanya, wurinmu yana nan. In ba ta kan hanya, zai ba wani, kuma wanda aka ba wuri ba a tashinsa.

Zuwana na farko murur da Usta muka je. Gini ne mai tagogi da yawa, kowace taga da layinta, kuma ba wadda za ta saurare ka sai da hatimin ta gabanta. Muka kai ga wata ma'aikaciya mai tabarau. Ta duba tsohuwar ruksa.

“Ina mai motar?”

“Ya rasu.”

“Allah ya ji ƙansa, ya Hajja. Amma wanda ya rasu ba ya sabunta ruksa.”

Ta jero mini abin da ake so, a hankali, don ta ga ba rubutawa zan yi ba. Takardar kotu mai faɗin su wane ne magada. Wakilci daga kowane magaji da ba ya ƙasar, da hatimin ofishin jakadanci. Shaidar cewa babu laifin hanya a kan motar. Shaidar inshorar direba. Sannan a kawo motar a duba ta. Sannan haraji, da tarar jinkiri a kansa, na uwar mota daban, na jela daban. Na ce mata motar ko motsi ba ta yi ba, tana lulluɓe. Ta ce, “Ma'alish, sai haƙuri. Lambar tana jikinta?” Na ce tana jikinta. Ta buɗe hannuwa. Usta ya kalli silin, ya yi kirki bai kalle ni ba.

Halima ba ta ɓata lokaci ba. Ta yi wakilcinta, ta ba wani ɗalibi mai dawowa daga hutu ya kawo. Bashir ne ya tsaya. Ashe wani mai sayen matattun motoci ya riga ya samu lambar wayarsa. Mutumin ya zo ya same ni ma, da carbi a hannu yana ta yi mini ta'aziyya. Ya ce shi ba ya buƙatar murur, ba ya buƙatar layi. Yanka ta zai yi. Inji gefe, giya gefe, ƙafafu gefe, a sayar. Na tambaye shi harajin da ke kanta fa? Ya ce, “Wa zai bi mamaci?”

Bashir ya kira ni.

“Inna, kin tsufa da hawa benen ofisoshi. A sayar, ki taho Gadarif ki huta.”

“Wa ya ce maka na gaji?”

“Inna, babbar mota ba aikin mace ba ne.”

“Wannan motar ce ta yi maka aure, kuma ni na ɗaure igiyar lodin.”

“Ni dai wakilcin sayarwa zan aiko. Shi kaɗai.”

Aka zauna a haka. Sanyi yana matsowa, tara tana hawa, takardar kotu ta fito amma ba ta da amfani ita kaɗai. Usta dai bai fasa zuwa ba. In ya ajiye motar haya sai ya biyo ya taɓa wani abu, tunda yanzu Malam ya yarda a yi gyaran da zai hana dukiya lalacewa, muddin da shaida a wurin. Ni ce shaidar. In ɗauko kujera in zauna a inuwar bodi.

Wata rana yana kankare kan batur da wuƙa yana mita, sai ya ce, “Duk gidan nan ba mai jin magana. Hajji ma na gaya masa a asibiti, na ce ruksa ta mutu, a ba ni in je. Ya ce bari in ya tashi.”

Na ce, “Tsaya, Usta. Yana da rai ta mutu?”

“Da ransa. Har ya sa na sayo masa lemo a ɓoye, likita ya hana.”

Ban ma ɗauki kujerar ba. Na wuce gidan Malam Haruna, na gaya masa yadda Usta ya faɗa. Ya sa aka kira Usta ya maimaita a gabansa. Malam ya shafa gemu, ya ce, “Hajiya, ashe wannan ba nauyin magada ba ne. Lokacin biya ya yi yana raye. Bashi ne a wuyansa, kuma ba a maganar gado sai an sauke bashi.”

A take ya kira Bashir, ya buɗe muryar waya kowa yana ji.

“Bashir, ranar jana'iza an yi shela, duk mai bin Alhaji ya fito. Akwai wanda bai ji shelar ba. Yanzu ya fito.”

“Malam, harajin gwamnati ma bashi ne?”

“Malamai sun yi magana a kai, wasu haka, wasu haka. Kana so a gwada a kan mahaifinka?”

“To a sayar wa mutumin nan, ya biya.”

Na karɓe. “Mutumin nan yanka ta zai yi. Ya faɗa da bakinsa, wa zai bi mamaci. Sunan ubanka zai zauna a murur da bashi a kai, babu mota, babu lamba, babu hanyar rufewa.”

Can Bashir ya ce, “Wace irin takarda ce ake so?”

Wakilci ya iso. Saura abin biya, kuma Alhaji bai bar komai ba sai motar nan, jinya ta cinye sauran. Bashin mamaci daga dukiyarsa ake fitar da shi, don haka dole wani abu ya tafi. Na zauna da Usta muka duba. Uwar mota tana tafiya ba jela, jela ba ta tafiya ba uwa. Lokacin kuma ana ta raɗe-raɗin za a hana masu jela hawa manyan hanyoyi, shi ya sa ba ta yi daraja ba. Wani mai gona daga Fayyum ya saye ta zai riƙa ja da tarakta. Daga kuɗinta aka biya nata harajin aka miƙa lambarta, sauran aka ajiye wa uwar. Ranar da aka zo ɗaukarta Usta da kansa ya zare ƙarfen da ya haɗa su, ya goge shi da tsumma, ya miƙa wa mai gonar ba tare da ya kalle shi ba.

Yanzu ku ji yadda ake kai motar da ruksarta ta mutu wurin dubawa. Ba ta da izinin taka titi da ƙafarta, ko da injinta yana waƙa. Sai an ɗauko motar ja ta ɗaga mata kai. Haka muka ratsa Madinat Nasr, ƙatuwar mota ana janta kamar saniyar da ta ƙi tashi, ni ina zaune kusa da mai ja, direbobin haya abokan Usta suna danna masa oda suna ihu, “Alf salama, sannu da jiki, ya Usta! Wa ya kayar da amarya?” Shi yana bayanmu a kan sitiyari, ya ja rawani ya rufe rabin fuska.

A filin dubawa abu na farko lamba ce, ba ta gaba da baya ba, wadda aka buga a jikin ƙarfen ƙasan mota da ta jikin inji. Sai an kankare tsatsa, a ɗora takarda a kai, a goga fensir har lambar ta fito, su gwada da ta wurinsu. In ba ta fito sarai ba, motarka ta zama abin tuhuma. Usta ya kwanta a ƙasa da takardar goge ƙarfe yana bi a hankali, don in ka matsa ka cinye lambar, ka shiga wata sabuwar shari'a. Sannan tukunyar kashe gobara, sannan birki, sannan fitilu. A fitilu muka faɗi. Usta ya gyara wayoyin da ɓeraye suka ci, amma akwai guda a can ƙarƙashi da bai gani ba, ya taka birki fitilun baya ba su kama ba. Injiniyan ya ce, “Bukra,” wato sai gobe. Muka bar ta a filin, muka dawo da mai gyaran waya. A dubawa ta biyu ta wuce.

Daga nan sai tagogi. Na hau, na sauka, na sake hawa. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kuma ba wanda ya rage mini ko taga ɗaya. Inda aka ce sa hannu, in miƙa yatsa. A taga ta ƙarshe na biya haraji da tararsa, ma'aikaciyar nan mai tabarau ta buga hatimi ta ce, “Mabruk, ya Hajja. Bashin Hajji ya rufu.” Daga tsakar gidan murur na kira Bashir na gaya masa haka, kalma biyu, na kashe.

Rabon gado daga baya bai ɗauki wuni ba. Bashir ya ga mota mai rai da sabuwar ruksa, ya daina maganar yanka. Aka bar ta tsakaninmu, kowa da kasonsa a kowane lodi, ni ke riƙe da ita. In kun tambaye ni ko da yau ne zan sake zama takaba yadda na zauna, zan sake. In kun tambayi Malam ko zai sake lulluɓe motar mamaci, zai sake. Sai dai yanzu in an yi rasuwar mai mota a cikinmu, ranar da aka yi shelar masu bin bashi ranar ake tambayar ruksa, kuma a gaban dattawa ake kwance lamba a kai murur kafin a ja tamfol.

Mu'allim Fathi ya zo ya ga motar. Ya zagaya bayanta ya tsaya inda jela take da.

“Umm Bashir, ni mota mai jela na ajiye wa wuri.”

“Motar da ta zo kan lokaci ka ajiye wa wuri. Ga ta.”

“Rabin lodi za ta ɗauka.”

“To ba ni rabin.”

Ya ba ni rabin, ya ba wani rabin, kuma wancan rabin bai dawo hannunmu ba har na bar sana'ar.

Ranar fita ta farko da hantsi na kai kujerata bakin kwanar layinmu, kusa da mai sayar da wake da burodi. Usta ya tayar da inji, ya bar shi ya yi ɗumi, ya taho. Da ya iso kwana sai ya buɗe ta can waje, ya cinye titin gaba ɗaya, har mai wake ya janye kekensa yana salati. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana kallon madubi, yana jiran bayan mota ya gama shigowa, motoci sun taru suna oda.

Na ɗaga murya. “Usta, wa kake jira ya biyo ka?”

Ya leƙo ta taga, ya kalli baya, ya kalle ni.

“Ma'alish, ya Hajja. Hannun ne bai ji labarin jela ba tukuna.”

Ya sa giya, ya miƙi hanyar Sa'id.